Malam bai kalli faifan harbin ba, ni ya kalla

Bakana na farko ya iso Zariya cikin kwali a watan azumin 2022. Irin na zamani ne, mai lanƙwasassun bakuna biyu da ake ɗaurawa a jikin mariƙi, ƙarfin jansa fam 38 a awon nauyi. Na zaɓi mai nauyin ne da gangan, don a ganina namiji mai shekara talatin da huɗu bai kamata ya fara da bakan yara ba. Kakana maharbi ne. Na taso ina ganin kwarinsa rataye a zaure, cike da kibau na kyauro waɗanda ba su da gashi a gindi, amma ya rasu ban kai shekarun da zai ɗora mini hannu a kan tsirkiya ba. Ga kuma abin da muka ji tun a islamiyya, cewa Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da koyon harbi. Waɗannan biyun ne suka sa na cika buhu da tsummokara, na jingina shi da katangar bayan gida, na buɗe YouTube.

Wata goma sha huɗu na yi a haka. Kusan kullum bayan la'asar sai na harba kibiya sittin ko fiye daga nisan mita 18. Cikin hannuna na hagu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, bai taɓa rabuwa da taruwar jini ba saboda dukan tsirkiya, har maiɗakina ta daina tambaya, sai dai ta miƙo man zafi. Kafaɗar dama ta fara yi mini ciwo idan na kwanta a kanta. Abin da ya fi damuna shi ne kibau ba su da alƙibla: yau su taru a hagu, gobe su watse ƙasa, jibi ɗaya ta faɗa da'irar tsakiya mai ruwan ɗorawa in yi ta murna ba tare da na san abin da na yi daidai ba. Duk lokacin da abin ya lalace sai in ɗora wa kaya laifi. Na sauya abin saiti, na sayi sabbin kibau, na sake tsirkiya.

Wani abokin aiki ne ya gaya mini akwai dattijo a Kaduna, tsohon malamin motsa jiki, da ke koya wa matasa harbi ranar Asabar a wani fili. Na ɗauki jakata na shiga mota.

Da muka gaisa ya ce in harba shida ya gani. Na yi tsammanin zai ɗauko madubin hangen nesa ya duba inda suka sauka. Sai ya zagayo ya tsaya a bayana, daga nan ya koma gefena, ya tsuguna, ya sake miƙewa. Ko sau ɗaya bai waiwayi faifan harbin ba. Da na gama ya ce, "Ɗana, kafaɗarka ta dama tana ciwo da dare, ko?" Na ce, "Ƙwarai, Malam." Ya ce, "Ajiye bakan nan. Ya fi ƙarfinka yanzu. Da hannu kake ja, bayanka yana barci."

Ya miƙo mini roba, irin wadda ake ba marasa lafiya a sashen gashin ƙashi. Mako uku ban taɓa baka ba. Na ji nauyin abin a raina, don na biya kuɗin mota na yi tafiyar kusan kilomita 80 ina jan roba a gaban yara 'yan sakandare da ke harbi da baka na gaske. Amma a cikin makonnin nan ne na fara jin wani abu da bidiyo ɗari ba su sa na ji ba. Malam yakan ɗora yatsu biyu a ƙasan allon kafaɗata ta dama ya ce, "Ture yatsuna." Sai in ji naman wurin ya motsa, allon ya zame zuwa tsakiyar baya, gwiwar hannuna ta zagayo da kanta. Masu bidiyon sun sha faɗin a ja da baya, ni ma na sha maimaitawa, har ina ganin ina yi. Sai da wani ya taɓa wurin na san ban taɓa yi ba.

Da ya mayar da ni kan baka, mai fam 22 ya ara mini, ya tsayar da ni mita biyar daga buhu wanda ba a manna masa takarda ba. Wani lokaci ya ce in rufe ido. A nan ya bi kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, kuma bai taɓa ba ni gyara biyu a rana guda ba. Dukan tsirkiyar da na sha fiye da shekara ya ƙare cikin minti goma: ya sa na daina damƙe mariƙin kamar mai riƙe da ƙotar gatari, na bar shi ya zauna a tudun babban yatsa, na juya gwiwar hannun hagu ta kalli gefe. Ya ɗaura mini 'yar igiya tsakanin yatsu biyu don bakan ya faɗi gaba bayan harbi ba tare da na cafke shi ba. Ya nuna mini cewa hannuna na dama ba ya sauka wuri ɗaya: wani lokaci ƙarƙashin muƙamuƙi, wani lokaci gefen baki. Ya ce tsirkiya ta taɓa kan hanci da haɓa a kowane ja, ba fashi. Sakin kibiya kuwa ya ce kada in buɗe yatsu, in daina riƙewa kawai, tsirkiyar za ta ture su ta wuce. Wannan ya ci mini watanni.

Kibau ɗin da na kashe wa kuɗi ma ashe sun yi wa bakana tauri. Ya ɗauki ɗaya ya lanƙwasa ta kusa da kunnensa, ya bayyana mini cewa kibiya tana karkarwa lokacin da ta bar tsirkiya, kuma dole taurinta ya dace da ƙarfin baka da tsawon jan mai harbi. Ya ce in riƙa yin wannan lanƙwasawar ga kowace kibiyar zamani da aka yi da sinadarin kabon kafin harbi, idan na ji ƙaras in jefar da ita, don mai tsaga tana iya fashewa ta shige hannu. Shekara guda ina harbi ba wanda ya gaya mini haka, kuma yarana suna wasa a tsakar gida.

Abin da na fahimta shi ne mai harbi ba ya ganin kansa. Kibiya tana nuna maka sakamako, ba ta gaya maka dalili. Idan ta sauka hagu, yana iya zama riƙo ne, ko saki, ko tsayuwa, ko taurin kibiya, ko iska, kuma kai da ke cikin jikin duk ji kake yi daidai ka yi. Mafi muni, abin da ka maimaita sau dubu goma shi jiki yake ɗauka a matsayin daidai. Malam yakan ce ya fi son wanda bai taɓa riƙe baka ba a kan irina, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lokacin gasar Olamfik ta Paris a 2024 na kalli harbi da wani ido daban. A can nisan mita 70 ne, faɗin faifan santimita 122, da'irar maki goma kuma santimita 12.2 kacal, kuma a karawar mutum biyu daƙiƙa 20 ake ba kowa ya saki kibiya. Matan Koriya ta Kudu suka ci zinaren ƙungiya karo na goma a jere, tun daga Seoul a 1988. 'Yan wasan sun sauya sau da yawa a tsawon shekarun nan, tsarin horarwarsu ne ya ɗore. Wasan ƙarshe na maza ya haɗa Kim Woo-jin na Koriya da Brady Ellison na Amurka, aka kai ga kibiya ɗaya ta raba gardama, dukansu suka sami goma, Kim ya yi nasara da 'yan milimita. Shi Ellison ɗin ya daɗe a hannun Kisik Lee, mai horarwa ɗan Koriya wanda ya koma Ostireliya, ɗalibinsa Simon Fairweather ya ci zinare a Sidni a 2000, sannan Amurka ta ɗauke shi a 2006. Mutum ɗaya, ƙasashe uku, kuma duk inda ya sauka sai harbinsu ya ɗaga. Na lura kuma ko waɗannan gwanayen, da zarar sun saki kibiya sukan juya su dubi mai horarwar da ke tsaye a bayansu.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne Israel Madaye na Chadi, maƙwabcinmu, da ya kara da Kim a zagayen farko. Ya sha kaye, har wata kibiyarsa ta sami maki ɗaya, amma mutanen Koriya da kansu suka yi ta yaba masa da suka ji irin ƙarancin kayan aiki da horon da ya yi fama da shi kafin ya kai Paris. Na daɗe ina tunanin inda mai irin wannan naci zai kai da ya sami ƙwararre a bayansa tun yana ɗan shekara goma.

Na san ba kowane gari ke da irin Malam ba. Ni ma yanzu sau biyu a wata nake samun zuwa Kaduna. A tsakani nakan jingina waya a kan bulo, in ɗauki kaina daga gefe da kuma daga baya, in tura masa ta WhatsApp. Amsarsa ba ta wuce jimla ɗaya ko biyu. Wannan bai kai ɗora hannu a kafaɗa amfani ba, amma ya fi zaman ni kaɗai da buhu nesa ba kusa ba.

Yanzu ina kan fam 30, kuma kafaɗata ta daina tashina da dare. Asabar ɗin da ta wuce na harba shida daga mita 30, biyar suka taru a wurin da murfin kwano zai rufe, ɗaya ta ɗan haura sama. Na juyo ina murmushi. Malam yana zaune a kan benci a gefena, bai ɗaga kai ya dubi faifan ba. Ya ce, "Ta huɗu ce ta fita, ko? Kafaɗarka ta hagu ta ɗaga. Je ka ciro su, mu sake."