Taurarin zaren haske a bangon waje: inda aiki ya kai a mako na uku

'Yan uwa masu koyo, allon gwaji ya hau bango: allon siminti mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, taurari 80 a jikinsa, kowanne bakin zaren haske ɗaya ne da ya leƙo ta rami. Zaren roba ne na PMMA, wato roba mai garai-garai kamar gilashi, mai fitar da haske ta baki, kaurin milimita 1, cikin baƙar riga da ta kai shi milimita 2.2. Siririn nan na 0.75 da ake sa wa silin ɗaki bai dace da waje ba, daga nesa ɓacewa yake. An cakuɗa da 'yan na 1.5 guda goma don kada taurarin su zama kai ɗaya. Babu lantarki a cikin zaren, haske kawai yake ɗauka, shi ya sa ruwan sama ba ya tsorata shi. Injin da ke tura haske cikin zaren ne ke buƙatar kariya.

Huda da bakin diril na milimita 2.5, kuma a karkace: bakin rami na waje ya fi na ciki yin ƙasa, ruwa ya gangaro ya fita. A bar zaren ya leƙo da santimita 3, a yi fenti, ya bushe, sannan a datse.

Gam ne ya fara ba da matsala. Sufa-gulu yana cin robar, wurin ya yi fari-fari ya tsattsage, da an taɓa ya karye. Gam mai zafi kuma narkar da ita yake, don zaren ba ya jure abin da ya wuce digiri 70. Silikon marar warin tsami shi ne daidai, ɗigo ɗaya ta bayan allo.

Inda haske ya fi salwanta shi ne ƙullin zaren da ke shiga bakin injin. Da aka yanke shi da almakashi, taurari kusan ashirin suka fito dishi-dishi. Ka duba bakin zaren da gilashin ƙara girma, za ka gan shi a murƙushe kamar an tauna. Sai aka fere rigunan, aka ɗaure ƙullin tam, aka yanke da wuƙa mai zafi, aka goge da sanfefa mai lamba 400, sai 800, sai 1500 da ɗan ruwa, har ya yi sheƙi. Kada a yi ƙyuyar wannan mataki, sayen injin da ya fi ƙarfi ba ya gyara mummunan yanka.

Tsawo ma na cin haske, kuma ja ne ke fara raguwa, fari ya koma kore-kore. Gara kowane zare ya tsaya ƙasa da mita 10, tsayinsu ya yi kusa da juna. Kada a ja shi ya miƙe ƙam: zaren mita 10 na iya ƙaruwa da santimita 2 idan zafi ya hau da digiri 30, da dare kuma ya tsuke ya zare kansa daga rami. Lanƙwasa mai kaifi tana zubar da haske a gwiwar.

Injin mai wat 16 ne, da faifai mai juyawa da ke sa taurari ƙyaftawa. Yana da fanka, don haka rufe shi ruf a akwati kashe shi ne. In da hali a ajiye shi cikin gini. In dole sai waje, akwati mai lambar IP65, wato mai hana ƙura da feshin ruwa shiga, a inuwa, da hanyar iska ta ƙasa, zaren kuma su sauko su yi lanƙwasa kafin su shiga don ruwa ya ɗige a can. Saura a watsa wa allon ruwa da tiyo na minti goma a duba bayansa.