Ciwo ba ya son bushewa, ba ya son farce

Ƙannena, musamman ku masu shiga fadamar Argungu yankan shinkafa da masu kabu-kabu tsakanin Birnin Kebbi da Jega, akwai maganar da muka taso muna ji: a bar ciwo ya sha iska ya bushe. Ita ta bar min tabo a ƙwauri, kuma ba na so ta bar wa ɗayanku.

Salansar babur ce ta ƙone ni. Na shafa man goge baki, na fasa bororon da allura, na bar wurin a buɗe ƙura na hawa. Da ɓawo ya fito ƙaiƙayi ya dame ni, sai na riƙa ɓamɓare shi da farce. Duk ɓawon da na cire, da sabuwar fatar da ke tsirowa a ƙasa yake tafiya, ciwon ya koma farko.

Abin da ya kamata in yi bai kai kuɗin man goge bakin ba. Ƙuna ruwa take so, mai sanyi mai tsabta, a yi ta kwararawa har minti 20. Ban da ƙanƙara, kuma a ƙyale bororo. In kuwa lauje ne ya yanke ka, danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, ka wanke da ruwa da sabulu. Idan bakin ciwon ya wage, je asibiti a ɗinke a ranar, don ɗinki yana da lokacinsa. Ka tambayi allurar tetanos, saboda ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an cusa wa yaro ƙasa ko kashin shanu ko baƙin mai a ciwo.

Sabuwar fata daga gefen ciwo take rarrafowa zuwa tsakiya, kuma ta fi sauri a wuri mai ɗan laima. Shafa Vaseline kaɗan, rufe da bandeji, canza kullum. Kada ka mayar da sifirit ko haidirojin abin zubawa kowace safiya. Suna ƙone naman da ke tsirowa. Wurin ya yi zafi, ya kumbura, yana mugunya ko ka ji zazzaɓi, magana ta koma hannun likita. Mai ciwon suga ma kada ya jira ya ga haka.

Bayan ciwo ya rufe aiki bai ƙare ba, don tabo kan shekara yana sauyawa. Ranar Kebbi tana ƙara masa baƙi, sai a riƙa rufe shi da tufafi. 'Yan mata, ku guji shafa masa man bilicin; da yawansu suna sirantar da fata.

Wasu kuma jikinsu na yin tabo mai tudu da ke wuce iyakar ciwon, yawanci a ƙirji, kafaɗa ko kunne, kuma ya fi samun baƙar fata. In akwai shi a danginku, ku yi hattara da ƙarin hujin kunne. Kada a kai wa wanzami ya yanke, domin yakan dawo ya fi da girma. Likitan fata yana da allurar da yake yi a cikin tabon don ya kwanta.