Gashin cikin kunne, tun muna ciki aka gama shirya shi

Ni dai a duk karatun yadda jariri ke haɗuwa a ciki ba abin da ya ɗaure mani kai kamar kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan bututu a naɗe cikin ƙashi, likitoci na ce mashi kokliya, a cikinshi akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ɗan tsiron gashi a ka, su ke maida sauti ya zama saƙon da jijiya za ta kai ma ƙwaƙwalwa. Kowane kunne na da kamar 3,500 a layi ɗaya na ciki, sai kamar 12,000 a layi uku na waje. Wani ɗan Italiya, Alfonso Corti, shi ya fara bayanin wurin a 1851.

Aikin na farawa tun wajen sati na 4, lokacin da wata ma ba ta gama tabbatarwa ta ɗauki ciki ba. Wani ɗan wuri a gefen kan tayin zai yi kauri, ya lotsa ciki, ya rufe ya koma 'yar jaka, daga jakar nan bututun ke tsirowa yana naɗewa har ya yi zagaye biyu da rabi wajen sati na 10.

To a nan ne abin ke da daɗi. Da farko ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bututun duk iri ɗaya ne, ba mai gashi ko ɗaya. Sai wata ƙwayar gado mai suna Atoh1 ta kunnu a wasu daga ciki, kuma ita ce ginshiƙin, don a 1999 an gwada ɓerayen da ba su da ita, aka tarar ko ƙwayar gashi ɗaya ba ta fito masu ba. Duk ƙwayar da Atoh1 ta riga kunnuwa a cikinta sai ta aika ma maƙwabtan da take gogayya da su saƙo ta wata hanya da ake kira Notch, cewa ku dakata, ni na zama, sai su kuma su koma masu tallafe ta. Shi ya sa ba za ka ga masu gashi biyu manne da juna ba, kullum da mai tallafi a tsakani.

Shi kuma gashin, da farko gajeru ne birjik a saman ƙwayar, da wani zare ɗaya a tsakiya mai suna kinosiliyam. Zaren nan sai ya matsa gefe, na kusa da shi su fi tsawo, na bayansu matsakaita, na ƙarshe gajeru, hawa-hawa, sauran da ba a buƙata su shanye. Kuma wallahi abin mamaki, dubban ƙwayoyin nan gefe ɗaya duk suke matsar da zarensu, kamar sahu a filin Idi, ba mai kallon wani waje daban. Dole ma haka ta kasance, saboda akwai wani siririn zare da ya ɗaure kan gajere da jikin dogon da ke bayanshi, in sauti ya tanƙwara su wajen dogon sai zaren ya ja wata 'yar ƙofa ta buɗe, sinadarin fotasiyam ya kwarara ciki, saƙo ya tashi. In sun karkace ko zaren bai haɗu daidai ba, ji ya samu matsala tun haihuwa. Da aiki ya kammala shi kinosiliyam ɗin ɓacewa yake a kokliya, amma yana nan a ɓangaren da ke hana mu jiri.

Ƙanwata da ke aure a Daura ta ce mani, “Yaya, ni kau in ana daka kusa da ni sai in ji ɗan nan ya motsa.” Na ce mata cikinki ai ya wuce wata shida, a daidai nan jariri kan fara amsa ƙara.

Abin da ke damuna shi ne mu 'yan Adam in ƙwayar gashin nan ta mutu ta mutu ke nan. Kaza kuwa, tun 1988 aka nuna tana sake tsiro da nata, masu tallafin nan ke rabuwa su cike gurbi, kuma har yau masana na neman yadda za a sa namu su yi hakan, ba a kai ga magani ba tukuna. Amma dubi yadda muke yi da su a Katsinar nan, yaro ya yini a bakin injin niƙa ba komi a kunne, a gidan biki a goya jinjiri a tsaya gaban sifika, sannan ɗan zazzaɓi kaɗan a ruga kemis a tsira ma yaro jentamaisin ba tare da likita ya gani ba, alhali tana cikin magungunan da ke kashe ƙwayoyin nan. Ga kuma sanƙarau lokacin zafi, shi ma yana lalata ji. Ƙwayoyin gashin da ke gindin bututun, masu jin siririyar murya, su suka fi saurin lalacewa, shi ya sa za ka ji dattijo na cewa yana jin kana magana amma bai gane mi kake faɗi ba.