Kafin Ka Fara Dafa Wa Mutane Abinci Don Kuɗi a Ingila

Yawancin baƙin da suka iya girki a Ingila da ƙananan ayyuka suke farawa: walimar suna yau, abincin mako na wani gida gobe. Daga ranar da aka fara biyanka a kai a kai, doka ta ɗauke ka mai sana'ar abinci, ko a kicin ɗinka kake girkin ko a na wanda ya ɗauke ka.

Fara da duba bizarka. Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai, wato mutum ya yi wa kansa aiki ba a ƙarƙashin wani ba, gaba ɗaya, ko da an ba ka awa 20 na aikin albashi a mako. Mai bizar ziyara ba shi da izinin aiki sam. Bizar da ake bai wa wanda ya gama karatu ta yarda da sana'ar kai. Wanda ya karya wannan sharaɗi yana iya rasa zamansa a ƙasar, kuma babu ribar girkin da ta kai haka.

Sai rajista da ƙaramar hukumar yankinka, aƙalla kwana 28 kafin ka fara. Kyauta ce, ta intanet ake yi, kuma ba a ƙin karɓa. Bayan nan jami'in tsafta zai zo ya duba, ya ba da maki daga 0 zuwa 5. Zai buɗe firij ya ga ko ɗanyen nama na ƙasa da dafaffen abinci, ya nemi wurin wanke hannu, ya tambayi littafin da kake rubuta zafi da sanyin abinci. Hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar, FSA, tana da kundi na kyauta na wannan rubutun. A sauke shi a riƙa cikewa kullum. Doka ta ce mai taɓa abinci ya samu horon da ya dace, kuma takardar tsaftar abinci mataki na 2 ce aka fi nema.

Lambobin nan a haddace su. Firij kada ya wuce digiri 8 a ma'aunin Celsius, an fi so ya tsaya a 5 ko ƙasa. Abincin da ke jiran ci ya zauna a 63 ko sama. Tsakiyar kaza ta kai 75 na daƙiƙa 30, a auna da ma'auni, ido ba ya gani. Shinkafa ce ke yawan ba da matsala: ƙwayar cutar da ke cikinta ba ta mutuwa da dahuwa, idan aka bar tukunya a rufe ta huce a hankali sai ta fitar da gubar da ɗumame ba ya kashewa. A baza ta a faffaɗan tire ta huce da sauri, ta shiga firij. Wanda ya yi amai ko gudawa ya bar girki sai bayan awa 48 da warkewa.

Inda na fi jin tsoro shi ne alaji, wato yadda jikin wasu mutane ba ya karɓar wani abinci har ya kwantar da su. Akwai abubuwa 14 da dole ka iya faɗa wa mai ci ko suna cikin abincin, daga ciki akwai gyaɗa, riɗi, alkama, madara, ƙwai, kifi, waken suya, jatan lande, seleri da mastad. Da yawa ɓoye suke: dunƙulen ɗanɗano kan ƙunshi seleri ko alkama, haɗin yaji kan ƙunshi garin gyaɗa. Cokali ɗaya da ya fita daga wannan tukunya ya shiga waccan ya isa ya kai yaro asibiti. Tambayi kowane gida a rubuce kafin ka je, ka ajiye amsar. Tun Oktoban 2021, abincin da aka riga aka rufe a mazubi kafin mai saye ya zaɓa sai da takardar duk kayan haɗinsa.

Inshora kuma, ɗaya ce dole: idan ka ɗauki ma'aikaci, ko na wucin gadi ne, sai ka yi inshorar ma'aikata ta aƙalla fam miliyan 5, tarar rashinta tana kai fam 2,500 kowace rana. Inshorar ɓarnar da ka jawo wa jama'a da ta abincin da ka sayar ba tilas ba ne, amma kada ka shiga kicin ɗin wani babu su. Su ke biya idan mai ya kama wuta ko baƙi sun kwana a asibiti. Karanta takardar ka ga ko ta haɗa da aiki a gidan wani. Inshorar mota ta yau da kullum ba ta ɗaukar jigilar kayan sana'a, sai ka faɗa wa kamfanin inshorar ya ƙara. Mai haya ya nemi izinin mai gida.

Haraji ba shi da wuya. Idan kuɗin da ya shigo ya wuce fam 1,000 a shekarar haraji, wadda ke farawa 6 ga Afrilu, ka yi rajista da hukumar haraji, HMRC, kafin 5 ga Oktoba mai biyo bayan ƙarshenta, ka cike takarda ta intanet kafin 31 ga Janairun da ke biye. Adana rasitin cefane da na man mota tun ranar farko, don ana cire su kafin a lissafa abin da za ka biya.