Kafin ka kafa fitila a bangon waje

Jama'a fitilar ƙofar gida fa ba a kafa ta da ƙusa, wallahi raina na ɓaci in na ga mutum ya sayi fitilar sola mai tsada sannan ya buga mata ƙusa biyu a jikin filasta, iskar farkon damina na zuwa sai a tsince ta a ƙasa.

Bulonmu yawanci mai rami ne a ciki, don haka a huda da diril, a sa roban nan da ake cewa fisha, sannan sukuru ya bi, shi ne zai riƙe. In bangon laka ne kuwa kar ma a wahala, a kafa mata ƙarfe ko katako daban.

Tsayi kamar mita 3 ya isa, hasken zai bazu kuma hannun yara ba zai kai ba. A duba kwalin a ga IP65, ita ce mai jure ƙura da ruwa. Faifan solar ya kalli kudu, kar inuwar rufi ko darbejiya ta rufe shi, kuma lokacin hunturu a riƙa goge shi don ƙura na rage caji sosai.

Mai amfani da wutar NEPA kuma sai an kashe wuta tukuna, wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau cikin fitilar saboda ruwa ya ɗige waje, a shafa silikon, gam ɗin nan mai hana ruwa shiga, a saman fitilar da gefenta a bar ƙasan a buɗe. Kuma don Allah a nisanta ta da indararo.