Itikafin da na shiga da shaddar mutane a shago

Ƙannena, musamman ku da kuka fara ɗanɗana daɗin zikiri kwanan nan har kuke jin komai na duniya ɓata lokaci ne, ku matso in baku labarin wautar da na tafka, don na riga ku shan wannan ruwan.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada nan Zariya. Na karɓi ɗarikar Tijjaniyya a hannun wani dattijo a cikin birni, kuma wallahi abun da ya ɗora min ba wani mai yawa bane. Lazimi safe da yamma, istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, sai wazifa tare da jama'a sau ɗaya a yini, sai zikirin Juma'a bayan la'asar. Lazimin nan in ka natsu minti 20 ya isheka. Amma kun san zumuɗin sabon shiga, ni sai naga ai wannan na masu rauni ne, na fara ƙarawa kaina da kaina ba tare da na tambayi kowa ba. In nayi asuba ina kan buzu har hantsi ya dubi ludayi, shagon da nake buɗewa ƙarfe 8 ya koma sai 11, da dare kuma tsayuwa, da rana inzo ina gyangyaɗi a kan keke. Akwai ranar da na ɗinke bakin aljihun kaftanin wani bawan Allah ruf, sai da yaje gida zai saka waya yaji babu hanya.

Abun da yafi cina a rai yanzu in na tuna shi ne maman yara. Zata zo bakin ƙofa ta tsaya tana jiran kuɗin cefane, yara sun shirya zasu makaranta babu ko na tara, ni kuma sai in ɗaga mata carbi alamar ina wuridi ba'a magana, ta tsaya ta gaji ta juya taje ta ciyo bashi wajen maƙociya. A raina fa ina jin ni wani ne, ina ganin ita ce bata gane ba, duniya ta rufe mata ido.

To sai azumin 2016, wanda ya faɗo cikin damina. Duk tela a garin nan ya san shekarar, don a watan Mayu aka ƙara kuɗin fetur ya koma naira 145 lita, wuta babu, janareto na shan kuɗi kamar me. Na karɓi ɗinkin sallah fiye da ƙarfina, shadda, yadi, atamfa, har da manyan riguna masu aiki, kowa ya bada kafin alƙalami na cinye a mai da cefanen azumi. Ana kai azumi 20 na naɗe tabarma da bargo na shige masallaci itikafi, na kashe waya, na bar shago a hannun yarona wanda ko shekara bai cika da fara koyon yanka ba. Nace masa Allah zai rufa asiri. Ku ji fa, wai tawakkali nake.

Ba zan muku ƙarya ba, kwanakin nan naji daɗin da ban taɓa ji ba, kuka a sujada, zuciya fes, ba ƙarar janareto ba mai cewa ina kayana. Kuma daga baya na gane rabin daɗin nan na guduwa ne, na gudu daga mutanen da suke bina haƙƙi na ɓuya inda ba mai iya ɗaga min murya.

Daren sallah na fito na nufi shago, tun daga nesa na hango taro kamar ana rabon zakka. Yaro ya yanka shaddar wani Alhaji ya rage hannu kusan inci 3, wannan kam sai biya. Zagi na sha shi har na ƙoshi amma ba shi ya kasheni ba. Wata Hajiya ce tsohuwa da ta kawo ɗinkin jikokinta marayu su 3, tana zaune a kan benci da ledar atamfarta yadda ta kawo ko buɗewa ba'a yi ba, bata ɗaga murya ba, cewa kawai tayi "Malam tela Allah ya karɓi itikafi, yaran nan me zance musu gobe?" Washegari gari ya cika da yara cikin sabbin kaya ana tururuwa ƙofar fada kallon hawan marigayi Sarki Shehu Idris, ni ko ina kan keke ƙofar shago a rufe, ina ɗinkin da ba wanda zai sa ranar.

Bayan sallah na tafi wajen Baba Malam a zaurensa, ina tsammanin zai ce jarrabawa ce ta masu neman Allah. Ya bari na gama tsaf sannan yace "Ɗana, wa ya aike ka?" Nace Allah gafarta Malam neman lada ne. Yace itikafi nafila ne, cika alƙawarin da ka karɓi kuɗi a kansa wajibi ne, ina ka taɓa ganin an rushe ɗaki don a gyara rumfa. Yace ko malamanmu na Malikiyya sun karhanta mutum ya shiga itikafi bai tanadi abun da zai buƙata ba balle kai da ka bar amanar mutane. Sai ya bani labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan uwansa Abu Darda, ya tarar da matarsa duk a yamutse, tace ɗan uwanka ba ruwansa da duniya. Salman ya sa shi ya karya azumin nafila, da dare ya hana shi tsayuwa sai ƙarshen dare, yace masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa, da labari ya kai ga Annabi (SAW) yace Salman yayi gaskiya. Wannan hadisin fa na sanshi tun ina Islamiyya, kawai ban taɓa tunanin dani ake ba.

Kuskure na biyu, wanda ba kowa ke faɗa ba, shi ne na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Kunya da bashi suka sa na watsar da komai, lazimin ma sai in kwana uku ban yi ba, ina cewa ai zikirin ne ya jawo min. Alhali ba laifin carbi, nine na mai da shi maɓoya. Kusan wata 6 ina haka, aiki na tafiya amma zuciya ta bushe, abu kaɗan in hau yaran shago da faɗa. Malam ne dai ya sake kamo ni, yace lazimi alƙawari ne ka ɗauka, wanda ka sha ka rama, kuma kar ka ƙara ko ƙwaya ɗaya a kai sai ka shekara baka sha ba.

Yanzu in nayi asuba nayi lazimi sai in tashi, kuɗin cefane ina ajiyewa tun dare a ƙarƙashin faranti, 8 tana yi min a shago. Salati ina yinsa ƙafa na kan keke, ba wanda ya sani. In kuna son itikafi ku shiga, abu ne mai girma, amma ku zauna da biro da takarda tun Sha'aban ku rubuta wa ke binku me, mai karatu a jami'ar ABU, Samaru ko Kongo, ya duba ranar jarrabawarsa, mai iyali ya tambayi matarsa ko buhun ya kai sallah, ku kuma tambayi malaminku kafin ku ƙarawa kanku wuridi. Ni dai azumi na kai 5 nake rufe karɓar ɗinki ko nawa za'a bani, kuma sai bayan shekara 3 na sake shiga itikafi, lokacin kayan kowa na hannunsa.

Alhaji na biya shi shaddarsa a hankali har ya dawo yana kawo ɗinki. Hajiya kuwa na kai mata kayan jikokin kwana 4 bayan sallah ban karɓi ko sisi ba, ta karɓa tayi godiya ta sa min albarka, amma har yau wajen telan da ke kallon shagona take kai ɗinkinta, in ta zo wucewa mu gaisa.