Doguwar sanda

Asabar, bayan isha'i.

Yau da safe na kai babban yarona atisayen lakros kamar yadda muka saba tun da sanyin Baltimore ya fara sauƙi. Ina zaune a kan benci da shayina a hannu, sai na hangi koci ya kira shi gefe, ya karɓi gajeriyar sandarsa, ya miƙa masa doguwa. Daga nesa ma na ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Shekara biyu yana wasa a gaba, shi ke jefa ƙwallo a raga, yau kuma an mayar da shi baya.

Ga 'yan uwa na gida da ba su san wasan ba: sanda ce mai 'yar raga a kai, da ita ake cafe ƙwallon roba mai tauri, a ruga da ita, a jefa. Kowane ɓangare mutum 10 ne, gola ɗaya, uku a baya, uku a tsakiya, uku a gaba. Sandar 'yan gaba inci 40 zuwa 42 ce, ta 'yan baya kuwa tana kai inci 72, ƙafa shida ke nan. Asalin wasan na 'yan asalin ƙasar nan ta Amurka ne, musamman al'ummar Haudenosaunee, tun kafin Turawa su iso. A jihar Maryland da muke zaune kuwa, yadda ƙwallon ƙafa take a Kano haka lakros yake a wasu unguwanni.

Da aka tashi, sandar ta ƙi shiga but ɗin mota. Sai da muka kwantar da ita daga kujerar baya, ragarta ta leƙo tsakanina da shi. Mun yi tafiyar minti biyar babu wanda ya ce uffan. Can ya ce, "Baba, ni fa ba na son wannan sandar. Wanda ke baya ba a kiran sunansa sai in an ci su."

Maganar ta taɓa ni, don na san ta. Lamba biyar na buga a filin unguwarmu shekara da shekaru. Ka tare hari goma ba mai tafa maka, ka zame sau ɗaya har gida za a biyo ka da maganar.

Allah Ya taimake ni, tun muna filin akwai wani dattijo Bature da ke kawo jikansa, wanda muka saba gaisawa. Ya ga abin da ya faru, ya matso ya ce mini in gaya wa yaron ya nemi labarin Dave Pietramala. Petro suke ce masa a garin nan, kamar wani ɗan gidansu. Dattijon ya ce ya kalle shi da idonsa a filin Homewood na Jami'ar Johns Hopkins, kuma ranar da yake wasa mutane ɗan baya suke zuwa kallo. Saboda haka maimakon in miƙe gida, sai na karya kan mota zuwa titin University Parkway. Muka tsaya a gefen filin Jami'ar Johns Hopkins, muka leƙa ta shinge. Babu wasa, kujeru ne kawai da koren fili, da wasu ɗalibai biyu suna jifa da cafewa. Na ɗauko waya muna karanta tarihin mutumin a tsaye, iska tana kaɗa mu.

Ɗan Hicksville ne a Long Island ta jihar New York. Ya buga wa Hopkins daga 1986 zuwa 1989 a ƙarƙashin koci Don Zimmerman. A 1987, yana shekararsa ta biyu, suka ɗauki kofin jami'o'in Amurka bayan sun doke Jami'ar Cornell da ci 11 da 10. Sau uku a jere ana sa shi a sahun farko na gwanayen ƙasa. Kyautar Schmeisser, wadda ake ba ɗan bayan da ya fi kowa, ya karɓe ta a 1988 ya sake karɓa a 1989.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne na 1989. A lokacin Jami'ar Syracuse tana da tagwaye 'yan Kanada, Gary da Paul Gait, waɗanda suka gagari kowa. Gary shi ya lashe kyautar Enners ta gwarzon ɗan wasan shekara a 1988, shi ya sake lashe ta a 1990. Shekarar da ke tsakani, ɗan baya ne ya karɓe ta, wato Pietramala. Kuma a shekarar Hopkins ba ta ma ɗauki kofi ba, Syracuse ce ta cinye su 13 da 12 a wasan ƙarshe a College Park. An ci su da ƙwallo ɗaya, amma masu zaɓe suka duba kakar gaba ɗaya suka ce mai doguwar sandar nan ya fi kowa. Na karanta wa yaron wurin sau biyu. Bai ce komai ba, sai dai ya karɓi wayar daga hannuna ya karanta da kansa.

Bayan la'asar muka nemo wasan na 1989 a YouTube. Hoton ya tsufa, launin ya koɗe, wani lokacin ƙwallon ma ba a ganinta. Ni ban iya karanta lakros sosai ba, amma na san tsaron baya in na gan shi. Na ce wa yaron ya daina bin ƙwallo da ido, ya kalli ƙafafun mutumin. Ba ya gaggawar kai sara. Yana ja da baya a gicciye, gwiwa a lanƙwashe, kan sandarsa yana kan hannun abokin karawa kamar an ɗaura, yana tura shi inda shi yake so ya bi. Sai wancan ya ɗan saki jiki, sannan sandar ta sauka. Muka mayar da wani wuri baya har sau huɗu. A na huɗun yaron ya miƙe tsaye a falo yana gwada takun, mamansa tana daga kicin tana cewa a yi mata hankali da fitilar silin.

Sauran labarinsa na bayan makaranta mun bi shi sama-sama. Ya dawo Hopkins a matsayin babban koci, ya ɗauki kofi a 2005 ba tare da an ci su ko sau ɗaya ba, ya sake ɗauka a 2007, duka biyun a kan Jami'ar Duke. Da ya bar Hopkins a 2020, sai ga shi a Syracuse yana horar da 'yan baya a ƙarƙashin Gary Gait ɗin nan dai. Wannan ya ba yaron mamaki fiye da kofunan. Ya ce, "Baba, wanda ya cinye shi ne ya ɗauke shi aiki?" Na ce ai wanda ka hana sakat a fili shi ya fi kowa sanin darajarka.

Abu ɗaya ya ɗan ɓata mini rai da daren nan. Lakros zai dawo gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, amma da salon mutum shida-shida, kuma a wannan salon babu doguwar sanda kwata-kwata. Na fahimci dalili, ana son wasa mai sauri da ƙwallaye da yawa don masu kallo. Duk da haka ina ganin an bar wa duniya rabin wasan ne. Ban gaya wa yaron ba tukuna, yau ba ranar wannan maganar ba ce.

Ɗazu da na je kashe masa fitila na tarar ya naɗe gindin sandar da farin tef, ya rubuta sunansa a jiki da biro. Tana jingine a bayan ƙofa, ta fi shi tsawo da kusan taƙi guda. Ya ce in mun dawo daga masallaci da asuba kada in bar shi ya koma barci, zai je bangon bayan gida ya yi jifa ɗari da hannun hagu.